Tafiya Ƙetare Da Juna Biyu: Wa Zai Biya Asibiti, Wa Zai Dawo Da Ke Gida?

Uwargida, idan kina da juna biyu kuma tafiya ta kama ki zuwa Umara, ko sarin kaya a Dubai, ko ziyarar maigida da ke karatu a Turai, akwai takardu iri biyu da ake sayarwa domin larurar gaggawa a hanya. Mutane da yawa suna ɗaukarsu abu ɗaya ne, alhali aikinsu ya bambanta.

Ta farko ita ce inshorar tafiya. Aikinta biyan kuɗin asibiti idan ciwo ya same ki kwatsam: gado, magani, tiyata. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen ba sa ba da biza sai da ita, kuma dole ta kai Yuro 30,000. Tana iya ɗaukar nauyin kai mara lafiya wani asibiti, amma yawanci asibiti mafi kusa da zai iya aikin, kuma likitan kamfanin ne ke yanke wannan hukunci, ba ke ko maigida ba.

Ta biyu rajista ce da kamfanin jigilar marasa lafiya ta jirgin sama. Ana biyan kuɗin zama mamba na shekara ko na tafiya guda. Idan aka kwantar da ke a nesa da gida, su ne za su ɗauko ki da ma'aikatan jinya zuwa asibitin da aka yi yarjejeniya a kansa. Sai dai ba sa biyan kuɗin jinya ko kwabo. Kuma ba kowa ke iya shiga ba. Medjet na Amurka mazauna Amurka da Kanada da Meziko yake yi wa rajista, shirin Maisha na AMREF Flying Doctors kuwa Gabashin Afirka ya fi shafa, inda ake kai mara lafiya Nairobi.

To wacce ta fi dacewa da mai ciki? A ganinmu inshora ce kan gaba, ga dalili. Abubuwan da suka fi kai mai ciki asibiti cikin gaggawa su ne zubar jini, hawan jini mai kawo jijjiga, fashewar faya kafin lokaci, da naƙudar da ta zo da wuri. Duk waɗannan a inda kike ake magance su, ba a sa mace a jirgi tana zubar da jini. Idan kuma aka haifi bakwaini, zai iya yin makonni a cikin kwalba kafin likita ya yarda a motsa shi. A wannan lokaci jirgi ba ya amfana miki komai, kuɗin asibiti ne ke hauhawa kullum, ga kuɗin masauki da abinci na mai jinya.

A nan ne kuma ake yawan shan mamaki. Inshora da yawa ba sa biyan haihuwa ta lafiya ko awon ciki, matsalar da ba a zata ba kawai suke biya, ita ma zuwa wani mako na ciki da aka rubuta a takardar. Jariri kuwa, tun da sunansa ba ya cikinta, wasu kamfanoni ba sa biyan jinyarsa sam. Kamfanonin jirgi su ma suna da nasu sharaɗin a kan masu ciki, wasu tun cikin yana ƙarami suke janye hannu. Wadda ta ɓoye ciki ko hawan jini lokacin cike fom, kamfani na da damar ƙin biya ranar da buƙata ta taso. Kada kunya ta hana ki faɗa. Katin inshorar lafiya na NHIA da kike amfani da shi a nan gida, asibitocin Nijeriya aka yi shi dominsu.

Maigida, kafin ka biya, ka sa wakilin kamfanin ya nuna maka a rubuce makon ciki na ƙarshe da suke ɗauka, da matsayin jaririn da aka haifa a can, da kuma ko su ne ke biyan asibiti kai tsaye ko sai ka biya sannan su mayar maka. Ko da an ce inshora tana cikin kuɗin biza, kamar ta Umara, ka nemi ganin sharuɗɗanta.

Yawancin kamfanonin jiragen fasinja suna neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako na 36, ko na 32 idan tagwaye ne. Ki lissafa da ranar dawowa, ba ranar tafiya kaɗai ba. Ki zo wurin awo da ranakun tafiyarki a duba jininki da kwanciyar yaro, a rubuta miki takarda mai ɗauke da ranar da ake sa ran haihuwa da rukunin jininki. Ki sa ta a jakar hannu tare da katin awo da lambar wayar gaggawa ta kamfanin inshorar.