Daga Gandu Zuwa Murhu: Yadda Gonar Gado Take Ciyar da Gidan Ma'aikaci

Duk wanda ya leƙa tarihin ƙasar Kabi ya san cewa sunan Gwandu daga kalmar "gandu" ya samo asali, wato gonakin sarauta na Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Tun kafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka garin a 1805, tun kafin ya zama mazaunin Malam Abdullahi, Gwandu gona ce. A matsayina na malamin ilimin harshe na sha faɗa wa ɗalibai haka, amma ban ji nauyin kalmar ba sai da albashi ya fara ƙarewa tun wata bai raba ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ni da ƙanena muka yi shawara a kan gonar gado da ke Gwandu da wata 'yar fadama da muka karɓi aro kusa da Kalgo, inda nake zaune. Ni ke sayen iri da taki da man injin ban-ruwa, shi ke ba da ƙarfinsa, abin da Allah ya hore mu raba. Ban da rabon kaka, kusan kowane mako yakan aiko da ƙullin abin da ya nuna. Da can uwargida kan tambaye ni me za a dafa. Yanzu ƙullin ake kwancewa, shi ke ba da amsa.

Da damina ta zauna, ganye ke mulkin tukunya. Tafasa da rama da zogale, a dafa, a tsiyaye ruwan, musamman ramar saboda tsaminta, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da tonka da ɗan man gyaɗa. Wannan kwaɗon ya sha raba mu da sayen burodi da rana. Guro ɗanye kuwa gogewa ake yi, a jefa 'yar kanwa don yauƙi, a ci da tuwon dawa. Kafin gero ya bushe akwai tumu, wanda ƙaramin ɗana ya fara gani yana ɗan shekara bakwai, abin kunya gare ni. Da kaka sai kabewa ta shigo, a yi taushe da niƙaƙƙiyar gyaɗa da sure, a zuba wa tuwon sabuwar shinkafa.

Mai karatu zai lura na ce guro da sure da tonka, ban ce kuɓewa da yakuwa da barkono ba. Da gangan ne. Ba ni da faɗa da daidaitacciyar Hausa, da ita nake cin abinci, amma ranar da 'yata ta dubi tafasa ta ce "ciyawa", na gane cewa kalma ba ta mutuwa a ƙamus, a madafa take mutuwa.

Rani shi ne jarrabawa, domin tumatir da tattasai da albasa kan zo a lokaci guda, fiye da bukatar gida, kamar yadda duk wanda ya ratsa Aliero a lokacin ya sani. Shekarar farko rabin kwando ya ruɓe mana. Gwaggona ce ta zo ta yi mana faɗa, ta sa aka yanyanka tumatir aka shanya ya zama kauɗa, aka daka lawashi aka dunƙula gabu. Da su da kuka da busasshen guro da daddawa muke ratsa bazara.

A Amurka ma tun 1986 wasu mazauna birane ke biyan manomi kuɗi kafin shuka, su riƙa karɓar kasonsu mako-mako, kuma in gona ta ƙi, asarar ta kowa ce. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne na kasa cikawa. A 2020, da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, tamu fadamar ba ta tsira ba. Sai na kama lissafa wa ƙanena kuɗin takin da na kashe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, kai kuɗinka ruwa ya ci, ni wata huɗu na rayuwata ya ci." Ban sami amsa ba.

Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin ban-ruwa da na mota suka tashi, muka sake zama. Yanzu kafin a raba komai sai an fitar da zakka idan amfanin ya kai nisabi, an ware iri, an kuma auna masa ladan aikinsa. Kasona ya ragu, kuma a makon jiya ƙullin bai wuce kabewa biyu da damin sure ba. Taushe muka sha kwana uku a jere.