Daga Daura Zuwa Damagaram a Kan Babur

Tun da aka fara kwashe amfanin gona, tambayar da ta fi zo mana a shirin nan ita ce ta masu son hawa babur su je gaida abokai a ƙetaren iyaka, su ɗan buɗe ido su dawo. Shi ya sa muka ɗauki hanya guda muka bi ta daki-daki, daga Daura zuwa Zinder, wato Damagaram. Wanda zai taso daga can ya nufo Nijeriya sai ya juya maganar, kusan duk ɗaya ne.

Na san abin da za ka ce. Kai da kake cin kasuwar Mai'aduwa duk Lahadi, kana ƙetarawa safe da yamma, wa zai koya maka iyaka? To a nan gizo ke saƙar. Zuwa kasuwar bakin iyaka daban, shiga cikin ƙasar mutane daban. A Kwangwalam an san fuskarka, a Ɗan Barto ana amsa gaisuwarka. Amma jandarman da zai tsayar da kai bayan Matamaye bai san ka ba, bai san ubanka ba. Takarda ya sani, kuma sau da yawa ta babur yake fara tambaya kafin taka.

Akwai dalili. Babur ɗin sata ba ya kwana a garin da aka sace shi, iyaka ake nufa da shi. Don haka ma'aikaci zai duƙa ya duba lambar inji da lambar jikin babur, ya gwada da abin da ke rubuce a takardarka. In sun yi daidai ka wuce. In harafi ɗaya ya saɓa, ko rasit ɗin da sunan wani ne, to ziyarar ta ƙare a ƙarƙashin bishiyar shinge, kana ta kiran waya. Kafin ka tashi, duƙa da kanka ka gwada lambobin nan. In hannu na biyu ka saya, nemi takardar cinikin mai sa hannun shaidu. In aro ka yi, mai shi ya rubuta maka takarda da lambar wayarsa. Ka haɗa da takardar mallaka, wadda mutanen Nijar ke kira kar-giris, da lasin tuƙi, da inshora, da katin shaidarka, da katin allurar shawara. A ofishin duwan kuma, wato kwastan, ka faɗa musu cewa ciki za ka shiga, su ba ka takardar izinin shigar da babur, ka kula da kwanakin da aka rubuta a kai. Kada ka bi ta bayan gari don gudun wannan ɗan jinkirin. Hanyar da ke kai buhu kasuwa ba ta da amfani ga wanda zai kwana uku a cikin birni da lambar wata ƙasa a bayan babur.

Dokokin ma ba su zauna wuri ɗaya ba. Kun dai gani da idonku: an rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, aka buɗe a 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Abin da wani ya ce maka ya yi bara ba hujja ba ne. Ka tambayi direban da ya dawo a makon nan.

Tafiyar kanta ba ta da tsawo, ba ta wuce kilomita 150 ba. Daga Daura ka bi ta Mai'aduwa zuwa Kwangwalam, ka ƙetara Ɗan Barto, sai Matamaye, sai Kance, sai Takeita inda za ka hau babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi, ka yi gabas ta Tirmini har Zinder. Boxer ko Jincheng mai lafiya, lita 4 ko 5 sun ishe shi. Cika tanki a gidan mai, ka bar jarka a gida. Tun 2019 da aka takura sayar da fetur a kusa da iyaka, jarka a bayan babur tuhuma take jawowa, ko da lita biyu ce a ciki. In dole ta sa ka sayi na kwalba wurin 'yan bumburutu, ɗaga kwalbar ka kalli gindinta, in da ruwa ko datti za ka gani. Ka juye baƙin mai kafin ranar, bakanike ya ɗaure maka sarƙa ya duba birki, ka sa fulogi ɗaya da tib ɗaya a jaka. Iska ce ke sanyaya injin irin waɗannan babura, saboda haka in ka yi awa guda kana gudu da goyo, tsaya ka sha ruwa, shi ma ya huta. Hular kwano kuwa, na san ana yi mata dariya a wajenmu. Sa abinka.

'Yan'uwa makiyaya, wannan taku ce. Adda ko wuƙar da kake ratayawa a daji kayan aiki ce, kowa ya sani. A shingen jami'an tsaro kuwa ba haka ake karanta ta ba, musamman a wannan zamani da babur ya yi baƙin jini saboda 'yan bindiga. Har an taɓa hana hawansa ɗungurungum a jihar Difa da wasu sassan Tilaberi. Bar ƙarfen a ruga. In ka doso shinge rage gudu tun daga nesa, sauke rawani daga fuska, kashe inji, ka yi sallama. Kuma kada ku jeru babur bakwai takwas kamar 'yan ɗaurin aure, biyu ko uku sun isa. Ku tashi bayan asuba, ku tabbata la'asar ta same ku a masauki.

To, abin kallo. In ba ɗan Daura ba ne kai, kada ka wuce ba ka leƙa rijiyar Kusugu ba. Bisa labarin da muka gada, nan ne Bayajida ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri sarauniya Daurama. Yanzu an gina mata ɗaki, har yau da ruwa a ciki, kuma ba ta da nisa da fadar sarki. In tafiyarka ta dace da Sallar Gani, ka yi sa'a, ka ga hawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hanyar nan da kake bi tsohuwar hanyar zumunci da siyasa ce. Lokacin jihadi, da sarakunan Haɓe na Daura suka bar garin, zuriyarsu ta kafa sarauta a Zango da Ɓaure, a ƙarƙashin inuwar Damagaram suka zauna shekara da shekaru, sai da Turawan Ingila suka zo aka mayar da gidan kan gadon Daura. Shi ya sa za ka sauka a Kance ko Matamaye ka ji maganar mutane kamar ba ka bar gida ba. Tirmini kuma, wadda direbobi ke wucewa a guje, nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojan Faransa a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder. Daga wannan yaƙin ne garin ya faɗa hannun Faransawa.

Zinder kuwa sai ka ba ta wuni guda cur. Ajiye babur a gidan abokinka ku taka da ƙafa, don lungunan unguwar Birni ba na gudu ba ne. Can fadar Sarkin Damagaram take, ga gidajen ƙasa masu zane a fuska, ga manyan duwatsu a tsakiyar gari kamar an jibge su da hannu. Za a nuna maka ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, shi ne wanda a zamaninsa har igwa ake ƙerawa a garin. Unguwar Zango kuma nan ayarin Buzaye ke sauka da raƙuma, kuma ni dai a ganina ta fi daɗin yawo da yamma. Zinder ce hedikwatar mulkin mallaka a Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Tsohon barikin Faransawa yana nan bisa dutse, ka kalla da ido, amma kada ka ɗaga waya ka ce za ka ɗauki hoto, wurin soja ne. A fada ma ka bari dogari ya yi maka iso. In kana son kasuwa, Alhamis ce babbar rana a Zinder, Lahadi kuma Mirya, wadda ba ta kai kilomita 20 daga gari ba. Ka duba kayan dukawa, aikin fatar garin ya yi suna.

Wani abu da ke ba baƙo kunya shi ne lissafin kuɗi. 'Yan kasuwa kun san wannan, don sabon zuwa nake faɗa. A Nijar da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari sefa 500 ce, jika guda kuwa sefa 1,000. Ka yi canji a bakin iyaka wurin wanda ka sani, ka nemi ƙananan kuɗi, don naira ba ta da tasiri in ka yi nisa. Layin wayarka ma zai iya ɗaukewa, saboda haka rubuta lambar mai masaukinka a takarda, ka sanar da shi ranar da ka taso.

Tsaraba kuma a yi ta daidai: goro, turare, atamfa ɗaya ta uwargida. In ka ɗaure turmi goma a bayan babur, duwan zai ce kasuwanci ne, kuma da gaskiyarsa. Sannan ka tuna Zinder gari ne mai ƙarancin ruwa tun fil azal, akwai unguwannin da famfo ke daɗewa bai kawo ba. In an ajiye maka bokiti guda na wanka, wataƙila saye aka yi, kada ka ce za ka wanke babur da shi.

A shiri na gaba za mu bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa.