Tondibia: Yadda kashe-kashen jihar Tillaberi ke biyo hanya zuwa bakin Yamai

Duk wanda ya fita daga Yamai ta yamma, ya wuce Goudel, zai tarar da Tondibia a gefen kogin Kwara, inda birni ke ƙarewa daji ya fara. Sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa baƙin dutse. A da can abin da aka fi sanin wurin da shi shi ne barikin horar da sojojin Nijar da kuma lambunan bakin ruwa. Yanzu kuwa mazauna wurin sun fi sa ido kan babbar hanyar da ke bi ta kusa da su, wadda ta nufi Karma da Tillaberi da Ayorou har iyakar Mali, domin ta nan ne ake shigowa da waɗanda aka jikkata, ta nan 'yan gudun hijira ke isowa, kuma ta nan ne sabbin sojoji ke fita zuwa fagen daga.

Tondibia na cikin gunduma ta ɗaya ta birnin Yamai, amma birnin kansa kamar tsibiri yake a tsakiyar jihar Tillaberi, wadda ta kewaye shi ta kowace kusurwa. Wannan jiha ita ce ɓangaren Nijar na yankin da ake kira iyakoki uku, inda ƙasar ta haɗu da Mali da Burkina Faso. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassanta, kuma har yau ba a ɗage ta ba.

Juma'ar Fambita

Ranar Juma'a 21 ga Maris, 2025, ana cikin azumin Ramadan, 'yan bindiga suka kewaye masallacin ƙauyen Fambita da ke ƙaramar hukumar Kokorou da misalin ƙarfe biyu na rana, daidai lokacin da jama'a ke sallah. Gwamnati ta ce an kashe mutum 44, an jikkata 13, kuma maharan sun cinna wa kasuwa da gidaje wuta kafin su tafi. Ministan cikin gida, Janar Mohamed Toumba, shi ne ya karanta sanarwar, inda ya ɗora alhakin harin kan ƙungiyar IS reshen Sahel. Aka yi zaman makoki na kwana uku a faɗin ƙasar.

Wata uku bayan nan, a ranar 21 ga Yuni, aka sake kai irin wannan hari a masallacin ƙauyen Manda. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce mutanen da aka kashe a nan sun haura 70. A rahoton da ta fitar a watan Satumbar 2025, ta ƙirga sama da mutum 127 da aka kashe a hare-hare biyar tun daga Maris, ta kuma ce shaidu sun shaida mata cewa sun sanar da sojoji barazanar da ake musu tun kafin a afka musu, amma ba a kawo ɗauki a kan lokaci ba. Ba a jima da fitar da rahoton ba, a tsakiyar Satumba, aka kashe mutum 22 a Takoubatt da ke yankin Tondikiwindi, akasarinsu a wajen bikin suna.

Abin lura shi ne wuraren da ake zaɓa: masallacin Juma'a, taron suna, motar kasuwa, gona a lokacin damina. Wuraren da ɗan ƙauye ba shi da yadda zai yi ya ƙaurace musu ke nan.

Ba yau aka fara ba

Ranar 2 ga Janairu, 2021, ranar da ake sanar da sakamakon zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, mahara a kan babura suka rabu gida biyu suka shiga Tchoma Bangou da Zaroumdareye. Hukumomi sun ce an kashe mutum 100, wato 70 a ƙauye na farko, 30 a na biyu. Firaministan lokacin, Brigi Rafini, ya je ta'aziyya washegari. Sama da mutum dubu 10 suka bar ƙauyukan yankin cikin 'yan kwanaki.

Masu bincike sun danganta wannan kisa da batun harajin dole. Shekaru da dama 'yan bindiga na shiga ƙauyuka suna karɓar dabbobi ko kuɗi da sunan zakka, alhali malamai sun sha bayyana cewa ƙwace ne tsantsa, tunda zakka tana da nisabi da waɗanda aka ware a ba su. Da tura ta kai bango, wasu ƙauyuka suka ƙi biya, wasu suka fara haɗa 'yan banga da bindigogin farauta. Martanin da aka mayar musu shi ne kisan kan mai uwa da wabi.

A ranar 15 ga Maris na shekarar, aka tare motocin da ke dawowa daga kasuwar mako ta Banibangou, aka kashe mutum 58, aka ƙona rumbunan hatsi. A watan Agusta aka bi manoman Darey-Daye har gonakinsu aka kashe 37, cikinsu har da mata da yara. A farkon Nuwamba kuma magajin garin Banibangou ya jagoranci 'yan sa-kai suka fita neman maharan, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da shi kansa.

Ƙona rumbu ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san yankin Zarmaganda. Damina ɗaya ce a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ko a shekarar da ruwa ya yi kyau, geron da ake samu da ƙyar yake kai gida zuwa wata kaka. Wanda aka ƙona wa rumbu a watan Maris, sannan aka hana shi shuka a watan Yuni, an raba shi da abincin shekara biyu ke nan. Da yawa daga cikin waɗanda suka bar gida ba harsashi ne ya kore su ba, yunwar da ta biyo baya ce.

Masu zuwa ba su da sansani

Mafi yawan waɗanda suka tsere suna tsayawa ne a garuruwa mafi kusa, irin su Ouallam da Tera da Ayorou da birnin Tillaberi. A watan Mayun 2021, sama da mutum dubu 10 daga yankin Anzourou suka kwarara birnin Tillaberi cikin 'yan kwanaki, kafin gwamnati ta mayar da su gida da rakiyar sojoji. Amma wanda ke da ɗa ko ƙane ko suruki a Yamai, can yake dosa, kuma unguwannin bakin gari ne ke fara karɓarsa, domin nan ne haya ke da sauƙi, nan ne kuma ake samun kangon da mai shi zai bar mutum ya zauna ya yi masa gadi.

Irin waɗannan baƙi ba kasafai suke shiga lissafi ba. Ba su cikin sansani, ba su da katin karɓar tallafi, nauyinsu na kan mai masaukinsu. Magidancin da ke ciyar da mutum bakwai sai ya wayi gari yana ciyar da goma sha biyar da kuɗin shiga iri ɗaya. Manomin da ya saba cika rumbu ya koma leburan gini ko mai tura ruwa a kura. Nijar ta kafa dokar kare 'yan gudun hijira na cikin gida a watan Disambar 2018, bisa yarjejeniyar Kampala. Doka ce mai kyau a takarda, sai dai tana aiki ne ga wanda hukuma ta san da zamansa.

Hannun da ke taimakawa ma ya ragu. A Nuwambar 2024 gwamnati ta janye lasisin ƙungiyar agaji ta ACTED, wadda aka kashe ma'aikatanta a Koure a Agustan 2020, sannan a Fabrairun 2025 ta umarci ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa, ICRC, ta rufe ofisoshinta ta bar ƙasar.

Yara kuma su ne suka fi asara a ɓoye. A 2023 alƙaluman hukumomi sun nuna an rufe makarantu sama da 900 a jihar Tillaberi. Yaron da ya iso Yamai ba tare da takardar haihuwa ba, saboda ta ƙone tare da ɗaki ko kuma ba a taɓa yi masa ba, shigarsa aji da zama jarrabawa sai an sha wuya.

Matan da ba su san matsayinsu ba

Akwai wani rauni da ba a cika magana a kansa ba. Matar da aka kashe mijinta a gabanta ta san ranar da za ta fara takaba, wata huɗu da kwana goma, ta san ranar fita, ana iya raba gado. Wadda aka tafi da mijinta ba a ga gawa ba, ita ba matar aure ba, ba bazawara ba. A mazhabar Malikiyya da ake bi a Nijar, asalin hukuncin matar wanda ya ɓace shi ne ta kai ƙara wurin alƙali, a bincika, sannan ta jira shekara huɗu kafin ta yi idda, duk da cewa malamai na da sassauci idan babu abin ciyarwa. Shekara huɗu da yara a hannu, a gidan wani, ba wasa ba ne.

Kuma ba 'yan bindiga kaɗai ake zargi da ɓatar da mutane ba. A watan Satumbar 2020, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nijar, CNDH, ta binciki ɓacewar mutum 102 a yankin Inates da Ayorou, ta ce ta gano gawarwaki 71 a ramuka, ta kuma ɗora alhakin kan wasu sojoji. Ma'aikatar tsaro ta musanta. Abin ya faru ne watanni kaɗan bayan an kashe sojoji 71 a barikin Inates a Disambar 2019, da wasu 89 a Chinegodar a Janairun 2020. Iyalan waɗannan sojoji, waɗanda akasarinsu samari ne 'ya'yan talakawa, su ma suna cikin masu makoki.

Zargi tsakanin maƙwabta

Kowane hari yana barin tambaya a baya: wa ya nuna musu hanya? Sau da yawa zargin na faɗawa kan Fulani makiyaya gaba ɗaya, saboda akwai matasan Fulani a cikin ƙungiyoyin, alhali rugagen Fulani na cikin waɗanda aka fi sace wa shanu. Tsohuwar al'adar da manomi ke ba makiyayi kiwon dabbobinsa, makiyayi ya kwana a gonarsa da rani ya bar masa taki, ta yi rauni a wurare da yawa. A Janairun 2023 al'ummomin Banibangou suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, aka kuma samu sauƙin kashe-kashe na wani lokaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda sojojin da Janar Abdourahamane Tiani ke jagoranta suka ce taɓarɓarewar tsaro ce ta sa suka yi shi, hare-haren sun sake ƙaruwa.

Matakan tsaron kansu suna da tsada ga talaka. A Janairun 2020 aka haramta hawa babur a jihar Tillaberi, saboda da shi mahara ke zuwa. Amma da shi ɗin ne kuma ake kai mai naƙuda asibiti, da shi 'yan kabu-kabu ke ci da iyali. An rufe wasu kasuwannin mako. Kasuwar Lahadi ta Ayorou, wadda a da har Turawa masu yawon buɗe ido ke zuwa kallonta da dorinar ruwa, yau mai zuwa sai ya yi shawara da iyalinsa. Idan dabba da hatsi ba su fito daga ƙauye ba, mai cefane a Yamai ne ke biyan bambancin.

Tazarar na raguwa

Kimanin kilomita 50 daga Yamai a kan wannan hanya akwai gidan yarin Koutoukale, inda ake tsare da waɗanda ake zargi da ta'addanci. An kai masa hari a 2016 da 2019 ba a yi nasara ba, amma a ranar 11 ga Yulin 2024 fursunoni suka yi bore, wasu suka tsere, har aka kafa dokar hana fita a yankin. A Afrilun 2025 aka kashe sojoji 12 kusa da Sakoira, aka yi awon gaba da ma'aikata biyar 'yan Indiya masu aikin layin wutar lantarki.

Birnin ma bai tsira ba. A watan Oktoban 2025 aka sace wani Ba'amurke matuƙin jirgin wata ƙungiyar mishan daga unguwar Plateau, ba nisa da fadar shugaban ƙasa. A ƙarshen Janairun 2026 kuma aka kai hari filin jirgin saman Diori Hamani da dare, ƙungiyar IS ta ce ita ta kai.

Amsar da mahukunta suka bayar ita ce neman ƙarin hannu. A Agustan 2025 aka ƙaddamar da shirin 'yan sa-kai mai suna Garkuwar Ƙasa, a ƙarshen Disamba kuma majalisar ministoci ta amince da dokar da ta ba gwamnati ikon kiran jama'a da dukiyoyinsu domin kare ƙasa. Masu goyon baya na cewa sojoji kaɗai ba za su iya tsare kowane ƙauye ba. Masu ɗari-ɗari kuwa na tuna abin da ya samu 'yan sa-kan Banibangou a 2021, da kuma ƙauyukan da aka ƙona saboda an ji labarin sun fara tara bindigogi.