Ɗumi da Gashi: Taron Dangi a Kan Dajin da Ke Kusa da Fata

Akwai ciwon dajin da ba ya ɓuya a cikin ciki, a fili yake, ana gani ana taɓawa. Mace ce aka cire wa nono saboda sankara, aka yi mata gashi, ta koma gida ana barka. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ga wasu ƙulalai masu tauri sun ɓullo a gefen ɗinkin, fatar ta yi ja, daga baya ta fashe tana tsattsafo da ruwa. Ko kuma zabiya ne da ya sha rana a gonar rake ta Makarfi ko fadamar tumatir ta Ikara, gyambo ya fito masa a wuya ko a kunne, ya ƙi rufewa. Mai irin wannan lalura in ya taso daga Malikanchi ko Hunkuyi, yawanci tafiyarsa tana ƙarewa ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda akwai sashen gashin daji.

Matsalar mai sankarar da ta dawo ita ce, fata tana da iyakar gashin da za ta iya ɗauka. Wurin da aka taɓa gasawa, in aka sake ba shi cikakken ƙarfi, sai ya lalace ya zama miki. In aka rage ƙarfin kuma, ciwon ba ya ji. A wannan tsaka-mai-wuyar ne likitoci a ƙasashe irin su Holan da Jamus suke haɗawa da ɗumi.

Shi gashin asibiti, duk da sunansa, ba wuta ba ce. Haske ne mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani, yana kakkarya ƙwayoyin gado da ke cikin ƙwayar ciwon don ta kasa hayayyafa. Amma ƙwayar daji tana da taurin rai: tana gyara ɓarnar cikin sa'o'i, kuma waɗanda ke tsakiyar ƙullin, inda jini ba ya kai wa sosai kuma iskar shaƙa ta yi ƙaranci, gashin ba ya cin su yadda ya kamata. To, idan aka ɗumama wurin daga 37 na ma'aunin Salshiyos, wato zafin jikin mai lafiya, zuwa tsakanin 40 da 43, jijiyoyin jini sai su buɗe, iska ta isa lungun da da ba ta zuwa. Sinadaran da ke aikin gyaran kuma zafin yana sanyaya musu gwiwa. Kamar a rushe katanga ne, sannan a ɗaure hannun magini.

Wajen yin ɗumin, ana aza wata jakar ruwa mai laushi a kan wurin, a ɗora na'urar da ke tura zafi zuwa zurfin da bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Ana manna ƙananan wayoyin awon zafi a fata, wani lokaci har cikin ƙullin, ma'aikaci na zaune yana duba lambobi a kwamfuta na kimanin awa guda, dab da lokacin gashin. Sau ɗaya ko biyu ake yi a mako, domin ƙwayoyin da suka sha zafi yau sukan yi kwana biyu zuwa uku suna jure shi.

An gwada, an ƙirga. A 1996 an haɗa sakamakon gwaje-gwaje biyar kan sankarar nono da ke kusa da fata: gashi kaɗai ya share ƙullin gaba ɗaya a kashi 41 cikin ɗari, gashi da ɗumi kuwa a kashi 59. A 2005 Jami'ar Duke ta Amurka ta samu kashi 42 da gashi kaɗai, kashi 66 da gashi da ɗumi, kuma ratar ta fi faɗi ga waɗanda aka taɓa yi wa gashi a wurin. Wannan ba alkawarin warkewa daga dajin da ya yaɗu a jiki ba ne. Amma wanda ya taɓa jinyar mai buɗaɗɗen miki a ƙirji, ya san wankin tsumma dare da rana da warin da ke hana 'yan dubiya zama, ya san abin da rufewar mikin nan take nufi. A ganina, duk lokacin da hukuma za ta sayi sabon injin gashi, ya kamata a sa na'urar ɗumi cikin lissafi.

Abin da nake tsoro shi ne wani ya ji wannan bayani ya ce ai dama mun san zafi magani ne, ya nufi wanzami a yi sakiya, ko a dinga gasa ƙullin da tsumma da tafasasshen ruwa. Ƙarfen sakiya ƙona nama yake yi, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ya cinye watannin da ya kamata a ce ana asibiti. Ko a hannun ƙwararru ma akan samu bororon ƙuna, musamman a kan tabon tiyata inda fata ta daina jin zafi, shi ya sa ake ta awo. Ɗumin kuma shi kaɗai ba ya kashe dajin. Ɗan rakiyar gashi ne. Gyambon da ya yi wata guda bai rufe ba, ko ƙullin da ya fito kusa da tsohon ɗinki, a kai shi ga likita a yanki ɗan nama a auna.