Kuɗin Makaranta Ba Ya Sayen Tarbiyya

Akwai wata gurguwar fahimta da ta yaɗu tsakanin iyayen da ke kai 'ya'yansu makarantun mishan, wato waɗanda ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da Angilikan da Katolika suke gudanarwa, cewa da zarar uba ya biya kuɗin zango ya karɓi rasit, to ya sauke nauyin tarbiyya ya ɗora wa malamai. Tarbiyya dai ita ce gyaran hali da koyar da ladabi da tsoron Allah, kuma ba a taɓa rubuta ta a jikin rasit ba.

Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da tarihi, su ce ai makarantar St. Bartholomew ta Wusasa, inda mishan ɗin CMS ya koma daga birnin Zariya a 1929, ita ta raini mutane irin su Yakubu Gowon, haka kuma makarantun Gindiri da mishan ɗin SUM ya kafa sun yaye malamai da fastoci da dama. Abin da suke mantawa shi ne, Gowon ɗan mai wa'azin bishara ne, kuma Wusasa ta wancan zamani ƙaramar alƙarya ce inda malami da iyaye suke sujada a majami'a guda, ta yadda laifin da yaro ya yi a aji kan riga shi isa gida. Lissafi ma bai goyi bayansu ba, domin mako yana da awa 168, ɗalibin jeka-ka-dawo kuwa, in yana shiga aji ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe biyu, awa 30 kacal yake yi a hannun malami.

Abin takaici shi ne yadda gida yake rushe abin da makaranta ta gina. Yaron da aka koya wa a addu'ar safe cewa ƙarya zunubi ce, da yamma mai bin bashi zai yi sallama, uban ya tura shi ƙofa ya ce ba ya nan. Uwar da ba ta taɓa halartar taron iyaye da malamai ba, ranar da aka hori ɗanta ita ce za ta zo ta tara wa malami jama'a, alhali wani uban har kuɗi yake kashewa a nemo wa ɗansa satar amsa a jarrabawar WAEC. Makarantun ma suna da nasu laifi, musamman ƙarancin albashi da cunkoson aji.

Gyara kuwa ba ya bukatar kuɗi. Ya kamata iyaye su riƙa buɗe littattafan yaro kowane dare, ko da ba su iya karatu ba, domin jan biron malami kowa yana gane shi. Su karɓi katin sakamako da hannunsu, su duba bayanin hali kafin su duba maki. In saɓani ya taso, a same malami a keɓe, kada a zage shi gaban yaro, kuma ɗan makarantar kwana kada a bar shi ranar ziyara yana leƙen ƙofa. Uban da har yanzu bai san sunan malamin ajin ɗansa ba, ya daure ya je ya tambaya kafin wannan zango ya ƙare.