Dillalin Gida da Haƙƙin Matar da Aka Saka

 Ya ku ƴan'uwa masu saurare, darasinmu na yau a wannan wata mai alfarma ya shafi dillalan da ke sayar da gida a lokacin da aure ya mutu.

A ƙasar Amurka akwai dillalai waɗanda suka keɓanta da wannan aiki. Dalili kuwa, a wasu jihohinsu kamar Kalifoniya, dukiyar da aka tara cikin zaman aure doka tana raba ta biyu tsakanin miji da mata. Gida ba ya yankuwa, saboda haka sau da yawa sai a sayar a raba kuɗi. Mu a Musulunci kowa da dukiyarsa: ta miji tasa ce, ta mata tata ce. Amma a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ma, da zarar an ji saki ya auku a gida mai daraja, sai ka ga dillali ya iso kafin masu sulhu su iso.

Mu fara da cewa dillanci sana'a ce ta halal, la'adarsa kuma halal ce idan an yi ta da yardar juna. Imamu Buhari ya kawo cewa magabata irin su Ibnu Sirina da Hasanul Basari ba su ga laifi ba ga ladan dillali. Sai dai gidan da aka yi saki cikinsa yana ɗauke da haƙƙoƙi, kuma wajibi ne dillali ya bincika abu uku kafin ya kai mai saye ƙofar zaure.

Na farko, idda. A farkon Suratuɗ Ɗalaƙi Allah ya hana a fitar da matar da aka saka daga gidanta cikin idda, ya hana ta fita ita ma. A mazhabar Imamu Malik mazauni haƙƙi ne na duk matar da aka saka bayan an tare da ita, ko sakin na kome ne ko wanda babu kome. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya bayyana cewa miji yana iya sayar da gidan idan iddar ta watanni ce, bisa sharaɗin matar ta zauna har ta gama, domin an san ranar ƙarewa. Idan kuwa iddar ta tsarki uku ce ko ta ciki, malamai sun hana, domin ba a san ranar da mai saye zai karɓi gidansa ba, ciniki kan abin da aka jahilta kuwa ɓatacce ne. Ku dubi hikima: a sakin kome, zama ƙarƙashin rufi ɗaya shi ke sanyaya zukata har miji ya mayar da matarsa. Wanda ya gaggauta sayar da gidan ya toshe wannan ƙofa.

Na biyu, gidan na wane ne? Takarda tana ɗauke da sunan miji, amma mata nawa suka sayar da awakinsu da kayan ɗakinsu, suka kwashe adashe, aka sayi siminti da kwano? Idan ta bayar kyauta, ya wuce. Idan rance ne, bashi ne a wuyansa. Idan tarayya suka yi, tana da kasonta, ba a sayar da shi sai da yardarta. Har ma idan miji ya sayar da nasa kason ga bare kafin a raba, tana da haƙƙin shuf'a, wato ta biya kuɗin da mai saye ya biya ta karɓi kason. Saboda haka muke kira ga ma'aurata su rubuta, su kafa shaidu tun ana dariya.

Na uku, halin mai sayarwa. Mutumin da ke cikin fushi ko bashi yakan sayar da araha. Dillalin da ya haɗa baki da mai saye a ɓoye, ya karya farashi don a raba riba, ya ci amana. Wanda kuma ya zuga miji ko mata a rabu domin gida ya shigo kasuwa, ya tuna hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda Annabi ya barranta daga mai ɓata mace ga mijinta.

Kada kuma a manta da ƴaƴa. A mazhabarmu renon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, na ƴa mace har ta tare a ɗakin mijinta, ciyarwa da mazauninsu kuwa suna kan uba. Kafin kuɗin gida su shiga aljihu, a san inda yara za su kwana.

Ya kai dillali, idan aka kira ka irin wannan gida, ka tambaya: idda ta ƙare? An kai magana ga iyaye da liman ko alƙali? Matar tana da kaso? Idan amsa ba ta fito ba, ka dakata. La'adar da ta kuɓuce maka saboda aure ya gyaru, Allah zai musanya maka da mafi alheri.

Allah ya karɓi azuminmu, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Allah shi ne mafi sani.