Tukunya mai tace ruwa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ruwan tabki na kawo ma yaranmu zawo. Ga wata dabara ta tace shi da yumɓu da icce.

Wani masani na ƙasar Gwatemala, Fernando Mazariegos, shi ya ƙago ta a shekara ta 1981. Ana kwaɓa yumɓu da dusar katako mai laushi, a gina tukunya, ta bushe, a gasa. Wuta ta cinye dusar ƙurmus. Kowace ƙwayar dusa sai ta bar gurbinta, ƴar ƙofa wadda ido ba ya gani. Sannan a shafe tukunyar da ruwan azurfa mai kashe ƙwayoyin cuta.

Ana ɗora ta bisa bokiti, a zuba ruwa. Yana ɗiga sannu sannu, lita 1 zuwa 3 cikin awa guda. Dauɗa da mafi yawan ƙwayoyin cuta su tsaya cikin tukunya.

Amma a kula! Randar gida sanyaya ruwa take, ba ta tsabtace shi. Tukunyar tacewa in ta tsage, ta tashi aiki. Wanda bai da ita, ya tafasa ruwa kamin yaro ya sha.